Magarya mai aure: wane iri za ka dasa a garkarka?

Yau maganarmu a kan icce ɗaya take, icce wanda kowa ya sani tun yana yaro, wato magarya. Ka karanta a hankali. In ka gama, ka karanta wa maƙwabcinka wanda bai shiga makarantar yaƙi da jahilci ba.

1. Iccen da ba ya yi a ƙasarmu

Wanda ya taɓa zuwa Yamai ya ga wasu ƴaƴan itace cikin kwali, ana saida su da tsada. Akwai tuffa, wadda ake kira pom. Akwai kuma wani mai siffar ƙaramin gora, ƙasansa faɗi, wuyansa siriri. Faransawa suna ce masa puwar. Yana da ruwa, yana da zaƙi, wani irinsa in ka ciza sai ka ji garas-garas kamar ɗanyen yalo. Mutum yakan ci, ya ɓoye ƙwayar cikin aljihu, ya ce zai shuka a gida.

Ɗan'uwa, kada ka wahalar da kanka. Puwar iccen ƙasashen sanyi ne, kamar Faransa da Italiya da ƙasar Sin. Kowace shekara sai ya zubar da ganye ya yi barci cikin sanyi mai tsanani kafin ya yi fure. Yawancin irinsa suna bukatar awa 600 ko fiye cikin sanyin da bai wuce digiri 7 ba. A nan Dogon Kiriya, ko a tsakiyar ɗari, da wuya dare ya sauka ƙasa da digiri 10, da rana kuma zafi ya dawo. Saboda haka ko ƙwayar ta tsiro, ko ka shekara biyar kana ɗebo mata ruwa daga rijiya, ba za ka ci ɗanta ba.

Amma Allah bai hana mu abin da ya yi kama da shi ba. Yana nan a bakin gonarka, awaki suna cin ganyensa.

2. Mece ce magarya mai aure?

Magaryarmu ta daji tana da jimiri. Saiwarta tana nutsawa ƙasa da nisa. Tana jure fari, tana jure zafin bazara, tana tsira a faƙo inda mangwaro ba ya kwana. Aibinta ɗaya: ɗanta ƙarami ne, ƙwallo ya fi nama yawa.

A ƙasar Indiya ma akwai magarya, irin tamu ce sak. Amma manoman can sun daɗe suna zaɓen itatuwan da suka fi manyan ƴaƴa, suna yaɗa su, har suka samu magarya wadda ɗanta ya kai girman goro, wani ma ya kai ƙwan zabuwa. Namanta fari ne, mai kauri, mai ruwa. Tun farkon shekarun 2000, cibiyar binciken noma ta ICRISAT da ke Sadore, kudu da Yamai, ta yi aiki ƙwarai wajen yaɗa waɗannan iri a Nijar, ƙarƙashin wani masani ɗan Isra'ila mai suna Dov Pasternak. Ana kiran ɗan wannan icce pom di Sahel, wato tuffar Sahel.

Ga yadda abin yake. Ana yanko ɗan reshe daga magaryar Indiya, a haɗa shi da kututturen magaryar gida, a ɗaure har su manne su zama icce ɗaya. Wannan shi ne aure, kamar yadda ake yi wa mangwaro. Ƙasan iccen namu ne, shi ke neman ruwa. Samansa baƙo ne, shi ke ba da ƴaƴa. Icce mai aure yakan fara haihuwa cikin shekara ɗaya ko biyu.

Ɗan magarya yana da abin gina jiki da likitoci ke kira bitamin C, har ya fi lemu. Yana nuna a lokacin ɗari, kafin mangwaro ya shigo. Yara suna son shi, haƙoransu da jikinsu kuma suna amfana.

3. Iri-iri da halinsu

Magarya mai aure ba iri ɗaya ba ce. Kamar yadda hatsi yake da mai saurin nuna da mai jinkiri, haka ita ma. Ga waɗanda aka fi sani.

Gola. Da harshen Indiya sunan yana nufin abu kewayayye, haka ɗanta yake. Ita ce mai saurin nuna. In ta nuna takan yi ruwan ɗorawa. Tana da ruwa da zaƙi. Ta fi sauran dacewa da wurin da ruwa ya yi ƙaranci, domin tana gama aikinta kafin ƙasa ta bushe sarai. Amma ba ta daɗewa bayan an tsinke ta.

Seb. Sunan yana nufin tuffa, kuma siffarta ke nan. Namanta yana da ɗan tauri mai daɗin ciza. Wanda ke neman abin da ya fi kama da tuffar kwali, ya nemi wannan ya ɗanɗana.

Umran. Ɗanta babba ne, dogo kamar ƙwai. Fatarta tana da ƙarfi, namanta ma haka. Ita ce mai jinkiri, sai sauran sun kusa ƙarewa take nuna. Ta fi kowace jure ajiya da tafiya cikin mota. Amma tun da tana daɗewa a bisa icce, tana bukatar ban ruwa har tsakiyar rani.

Kaitli. Ɗanta dogo ne mai ɗan tsini a baki. Fatarta siririya ce, namanta mai laushi da zaƙi. Tana nuna tsakanin Gola da Umran. Ta ci a gida ce, ba ta son doguwar hanya.

Akwai kuma wadda ake kira Ben Guriyon, wadda ta biyo ta Isra'ila.

Ka lura da abu ɗaya. Waɗannan sunaye sukan cakuɗe a hannun masu saida dashe. Wani yakan kira kowace magarya mai aure Gola. Don haka kada ka dogara ga suna kaɗai. Bakinka shi ne alƙali.

4. Tambayoyi uku kafin ka zaɓa

Ta farko: ruwa nawa gare ka? Ka san ƙasar Arewa ba ɗaya ba ce. Kudu, wajen Tibiri da Geceme, damana ta fi yawa, kuma cikin fadamar Dallol Mauri rijiya ba ta da zurfi. Arewa, wajen Dogon Kiriya, ruwan sama ya fi ƙaranci, a bisa tudu kuma igiyar guga doguwa ce. In garkarka tana fadama, kana ban ruwa kullum don albasa ko salati, kowane iri zai yi maka, har Umran. In kana tudu, ruwanka na tulu ne, to Gola ce taka.

Ta biyu: don wa kake dasawa? In don iyali ne, zaɓi mai zaƙi da ruwa, Gola ko Kaitli, a tsinka a ci nan take. In kana nufin kai wa kasuwar Matankari ko ta Dogon Dutsi, ko ka saida wa matafiya a bakin babbar hanyar Yamai zuwa Ƙonni, nemi mai tauri wadda ba ta saurin lalacewa, Umran ko Seb. Kaya mai laushi in ya sha girgizar amalanke da zafin rana, kafin azahar ya canza launi, mai saye ya karya maka kuɗi.

Ta uku: wuri nawa gare ka? Magarya tana baje rassa. A bar mita 5 zuwa 6 tsakanin icce da icce, wato taku shida ko bakwai na babban mutum. Kada ka dasa ta jikin katanga, ko bakin hanyar da yara ke bi, domin ko mai aure tana da ƙaya.

In wurinka zai ɗauki icce biyu, kada ka dasa iri ɗaya. Ka haɗa mai sauri da mai jinkiri. Amfanin haka biyu ne. Na ɗaya, za ka daɗe kana tsinka, ba duka su nuna a mako ɗaya su fi ƙarfinka ba. Na biyu, zuma da ƙudaje suna ɗaukar garin fure daga wannan icce zuwa wancan, kuma magarya ta fi kama ƴaƴa in akwai wani iri kusa da ita.

5. Ka ɗanɗana kafin ka dasa

Hausawa sun ce gani ya kori ji. A lokacin ɗari, daga Nuwamba zuwa Janairu, ka je garkar wanda yake da magarya mai aure. Ka yi sallama, ka roƙi iznin ɗanɗanawa. Ka tsinka da hannunka daga icce. Ka duba waɗannan abubuwa:

Ka ciza. Ka ji tana yin garas, ko tana lotsewa?
Ka tauna. Zaƙi ya rinjayi tsami? Akwai bauri a fata?
Ka dubi ƙwallon. Ƙarami ne cikin nama mai yawa?
Ka fasa guda biyar ko goma. Nawa ne suke da tsutsa?
Ka tambayi mai garka: wane wata take fara nuna, sau nawa yake ba ta ruwa, kwana nawa ɗanta yake yi a ɗaki kafin ya lalace?

In ta yi maka, ka ɗaura ƙyalle a jikin wannan iccen, ko ka shaida shi sosai. Daga shi za ka ɗauki reshen aure in lokaci ya yi, ba daga na kusa da shi ba.

6. Kuskure biyu masu cin shekaru

Na farko, shuka ƙwallo. Mutum ya ci pom di Sahel mai daɗi, ya shuka ƙwallonta, yana tsammanin irinta za ta fito. Ba haka ba ne. Iccen da ya tsiro daga ƙwallo ba ya bin uwarsa. Yawanci ƴaƴansa ƙanana ne. Ƙwallo yana ba ka gindi kawai. Reshe ne ke ɗauke da halin iri.

Na biyu, sayen dashe da ido rufe. A kasuwa ana iya miƙo maka magaryar daji cikin leda a ce mai aure ce. Sai bayan shekara biyu ka gane, kuɗinka ya tafi, ruwanka ya tafi. Kafin ka biya, ka dubi gindin dashen. Dole ka ga tabon aure, wato wurin da aka haɗa itace biyu, yakan ɗan kumbura. Ka dubi ganyen da ke sama da tabon. Na mai aure ya fi na daji girma da faɗi, ƙayarsa kuma ba ta kai ta daji yawa ba. Mafi kyau, ka saya wurin mai renon itace da aka sani a garinku, wanda in abu ya ɓaci za ka iya koma masa. Malamin gona ko ma'aikacin gandun daji na yankinku zai iya nuna maka inda ake samun na ƙwarai.

7. Hanya mafi sauƙi: aurar da magaryar da kake da ita

In akwai magaryar daji a cikin garkarka ko bayan gidanka, ka riga ka yi rabin aiki. Saiwarta ta riga ta kai ga laima. Ba ka bukatar sayen dashe.

A ƙarshen bazara ka sare ta, ka bar kututture kamar tsawon gwiwa. In iccen ba a filinka yake ba, ko gonar aro ce, ka nemi yardar mai wuri tukuna, ka kuma shaida wa maigari, don kada icce ya fara haihuwa rigima ta tashi. Da ruwa ya sauka, kututturen zai yi toho da yawa. Ka zaɓi biyu ko uku masu ƙarfi, ka cire sauran. In sun kai kaurin fensir, lokacin aure ya yi.

Ga yadda ake yi:

a) Da sassafe ka yanko reshe daga iccen da ka ɗanɗana, mai kaurin fensir shi ma, mai ido biyu ko uku. Ka cire ganye da ƙaya. Ka naɗe shi cikin jiƙaƙƙen tsumma. A yi aikin a ranar, kada ya bushe.

b) Ka wanke wuƙa mai kaifi ko sabuwar reza.

c) Ka yanke kan tohon magaryar gida. Ka tsaga shi a tsakiya, zurfin santimita 2 zuwa 3, kamar gaɓar yatsa ɗaya.

d) Ka fiƙe gindin reshen baƙo ta gefe biyu, ya zama kamar bakin gatari.

e) Ka cusa shi cikin tsagar. Abin lura a nan: ɓawo ya haɗu da ɓawo, ko da ta gefe ɗaya ne. Ta ƙarƙashin ɓawo ne itacen biyu suke mannewa.

f) Ka ɗaure tam da zaren leda. Ka rufa masa ƙaramar farar leda don kada iska ta busar da shi.

Bayan mako biyu ko uku, in aure ya kama, za ka ga idanun sun fara toho. Sai ka cire ledar sama. Ɗaurin kuma ka bar shi har wajen mako shida, sannan ka sassauta. In bai kama ba, kada ka karaya. Ka sake gwadawa a wani tohon. Hannu yana koyo da yi. Mata ma suna wannan aiki, sau da yawa hannunsu ya fi natsuwa.

Daga ranar nan akwai aiki ɗaya da ba a sakaci da shi. Duk tohon da ya fito ƙasa da tabon aure, na daji ne. Ka cire shi da zarar ka gani. In ka bar shi, zai shanye ƙarfin iccen, baƙon ya mutu, ka koma inda ka fito.

8. In dashe za ka yi

Ka haƙa rami kamu ɗaya faɗi, kamu ɗaya zurfi, wato wajen santimita 50. Ka gauraya ƙasar sama da ruɓaɓɓen takin bisashe kamar bokiti ɗaya, da ɗan toka saboda gara. Ɗanyen taki yana ƙona saiwa, yana kiran gara. Ka dasa in damana ta zauna, cikin Yuli, da marece. Ka yage ledar a hankali kada ƙasar ta watse. Tabon aure ya tsaya a sarari, kada ka binne shi.

A tudu ko faƙo, ka yi masa rabin wata, bakinsa yana duban inda ruwa ke gangarowa, don ya tare masa ruwan sama. Cikin rabin watan kana iya shuka kuɓewa ko yakuwa, ka ci kafin iccen ya girma.

Ka kewaye shi da ƙaya tun ranar farko. Akuya ɗaya tana iya cinye aikin shekara kafin ka dawo daga masallaci.

A ranin farko ka riƙa ba shi bokiti ɗaya bayan kwana biyu ko uku. Ruwan alwala da na wankin hatsi suna yi, amma ban da mai sabulu da yawa. Ka rufe gindin da kara ko ciyawa don laima ta daɗe, amma kada su taɓa jikin iccen.

9. Aikin shekara

Magarya tana fure a ƙarshen damana, wajen Satumba da Oktoba. Daga nan har ƴaƴa su nuna, kada ta sha ƙishirwa. Ka ba ta ruwa a kai a kai. In ka bar ta ta bushe sannan ka malala mata ruwa da yawa, ƴaƴan sukan zube ko su tsage.

In an gama tsinka, ka rage ruwa. Da bazara za ta zubar da ganye. Ba mutuwa ta yi ba, hutu take. A lokacin nan, wajen Mayu, kafin ruwan farko, ka yi mata aski. Ka rage rassan da suka haihu bara sosai, ka bar manyan rassa uku ko huɗu. Kada ka ji tausayi. Magarya a sabon reshe take haihuwa. Wadda ba a yi wa aski ba takan zama sarƙaƙiya, ƴaƴanta su ƙanƙance. Rassan da ka sare kuma ba asara ba ne, su ne shingen garka.

10. Tsutsa

Babban abokin gabar pom di Sahel wani ƙaramin ƙuda ne. Yana huda ɗan icce ya sa ƙwai a ciki. Ƙwan ya zama tsutsa, ɗan ya faɗo, tsutsar ta shiga ƙasa, ta fito ƙuda, ta koma bisa icce. Maganin farko a hannunka yake. Kowace safiya ka tsince duk wanda ya faɗo. Ka ba bisashe nan da nan, ko ka binne cikin rami mai zurfin kamu ɗaya, ko ka ƙulle cikin baƙar leda ka ajiye a rana kwana biyu ko uku. Ka riƙa kaftar ƙasar gindin icce don rana da kaji su gama da na ɓoye. Ku yi haka tare da maƙwabta, domin ƙuda bai san iyakar garka ba.

Kada ka fesa maganin auduga ko na wake da aka saya a kasuwa a kan abin da yara za su ci ɗanye. In ɓarnar ta yi yawa, ka nemi malamin gona.

11. Yaushe ake tsinka?

A nan ne mutane da yawa suke ɓata daɗin. Mun saba barin magaryar daji ta yi ja ta bushe. Mai aure ba haka take ba. Daɗinta yana lokacin da kore ya fara juyawa zuwa ruwan ɗorawa. A nan take garas-garas, zaƙi ya shiga. In kore ce shar, akwai bauri. In ta yi ja, ta yi laushi, ta fara yauƙi da wari.

Ka tsinka da hannu, da safe. Kada ka kaɗa da sanda. Icce ɗaya ba ya nuna gaba ɗaya, sai ka riƙa zagayawa bayan kwana biyu ko uku. Ka zuba cikin kwando ko ƙwarya a inuwa, ba cikin leda ba. Na kasuwa a tsinke shi yana da sauran kore kaɗan.

12. Kada a raina ta gida

Ba mu ce ku sare duk magaryar daji ku aurar ba. Ita ce ake shanyawa a ajiye, ita ce ake dakawa a yi akuri, ganyenta abincin bisashe ne, ƙwallonta kuma shi ke ba mu gindin aure. A bar ta a gona. Icce ɗaya ko biyu na kusa da gida, inda ido yake kai kuma ruwa yake kai, su za a aurar.

Ga abin da za ka riƙe. Puwar ba ta ƙasarmu ba ce. Ƙwallo ba ya ba da iri, reshe ke bayarwa. Mai ƙarancin ruwa ya ɗauki Gola. Mai nufin kasuwa, in yana da ruwa, ya ɗauki Umran ko Seb. Mai wurin icce biyu ya haɗa mai sauri da mai jinkiri. Kowa kuma ya ɗanɗana kafin ya dasa.

Wanda ya iya aure a garinku, ku taru ya nuna muku da hannu, domin abin da ido ya gani ya fi zama. Kai kuma da ka iya rubutu, ka samu ɗan littafi ka rubuta sunan irin da ka dasa, wurin wanda ka samo shi, ranar da ka yi aure, da ranar da ka fara tsinka. Baɗi wani zai zo ya tambaye ka.

Allah ya ba mu damana mai albarka, ya sa mu ci amfanin abin da muka dasa. Amin.